Ruwan Talgen da Na Ɓoye

A garinmu, can bayan gulbi tsakanin Tibiri da Gidan Rumji, mace ba ta kula ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta ci gaba da dakanta har wata ta zo ta ɗaga shi. Kunyar ɗan fari ke nan. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini ita, na tashi ne na tarar ana yi, na kuma ga yadda ake cin naman wadda ta kasa a bakin rijiya. A lokacin shekaruna ba su wuce ashirin ba, kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamar a yi da ni.

Saboda haka da na haifi nawa, namiji, sai na riƙe kunyar nan da hannu biyu, har ana misali da ni. Nono kaɗai ke haɗa mu, shi ma sai na juya wa mutane baya. Da ya isa yaye, a farkon daminar da aka ce Nasara za su sakar mana ƙasa, uwar mijina ta ɗauke shi ta koma da shi ɗakinta kamar yadda aka saba. Inna muke ce mata. Ɗakinta na kallon madafa, taku goma sha biyu ne daga murhuna zuwa bakin ƙofarta. Ban san adadin ba sai a daminar nan.

Kada a ɗauka Inna muguwa ce. Na so a ce muguwar ce, da abin ya zo mini da sauƙi. Tsohuwa ce gajera mai faɗa, wadda ta haifi tara ta binne biyar, kuma tana son yaron nan fiye da yadda take son uban da ya haife shi. Maigidana take ce masa. Takan ɗora shi a cinya tana yi masa tsiya, wai ita ba ta taɓa ganin miji irin wannan ba, ba ya noma, ba ya sayen goro, sai ci da ɓata shimfiɗa. Shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana jan leɓenta. Ina jin su daga madafa, in yi murmushi in na tabbata ba mai kallona.

Akwai kuma matar wan mijina, wadda nake ce wa Yaya. Ta girme ni da shekara biyar ko shida, kuma ita ta riƙe ni tun ranar da aka kawo ni gidan. 'Yarta ta uku sa'ar ɗana ce, wata ɗaya aka haife su, mako ɗaya aka yaye su. 'Yar lukuta ce mai tsiwa, duk abin da aka ba shi sai ta ƙwace. Da yake ba ta fari ba ce, Yaya na da damar goya ta, ta yi mata tawai a tsakar gida kowa na gani. In nawa ya faɗi, Yaya ce ke ɗaga shi ta share masa hawaye, sannan ta zo ta gifta ta gabana, ta dubi turmi ta ce masa, "Bai ji ciwo ba."

Damina ta yi kyau a shekarar, har ta wuce kyau. Da marka ta kama, sai aka yi kwanaki ba a ga rana ba. Rijiyarmu ba ta siminti ba ce, itace aka jera a bakinta, sai gefe ɗaya ya zube, ruwan da ya wanko garken shanu da bayan gidajen mutane ya riƙa gangarawa ciki. Ruwan ya koma ja. Mukan ɗebo mu zuba a randa, mu bari ya kwanta, mu sha abinmu. Ƙuda kuma ya yi yawa, ko furar da aka rufe da faifai sai a tarar sun sami hanya. Yanzu na san daga nan ciwon ya fito. A lokacin kuwa da wani ya ce mana ruwan da ya kwanta ya yi garau yana ɗauke da cuta, da mun ce a duba kansa.

A cikin kwanakin nan aka aiko wa mai gari ya je Tibiri da mutanensa, wai za a sauke tutar Nasara a ɗaga tamu. Mijina da wansa suna cikin waɗanda suka raka shi. Sun ƙetare gulbi ruwa iya gwiwa, washegari gulbin ya kawo, ya cika ya batse har cikin gonakin fadama. Maza suna can, mu muna nan, likita ma, wato asibiti, tana can ɓangarensu.

Kwana biyu da tafiyarsu ciwon ya kama yaron. Da safe Inna ta ba shi koko, bai gama haɗiyewa ba ya dawo da shi. Kafin hantsi zawo ya biyo baya, tun yana da kauri har ya koma ruwa zalla. Jikinsa ya ɗau zafi, yana lanƙwashewa yana riƙe ciki. Ya nemi ruwa, Inna ta cika ludayi ta ba shi, ya kwankwaɗe da haɗama, nan take ya amayar da shi duka a zanenta. Duk mun gani, ni daga madafa, Yaya daga bakin ƙofa.

Inna ta fito tsakar gida ta tsaya.

"Kowa shi saurara," in ji ta. "Haƙori ne, na ciki masu wuyar hita. Cikinai ya zama rariya, abin da anka zuba dut hita shikai. Kar wadda ta ƙara ba maigidana ruwa sai cikin ya ƙahe."

Yaya ta ce, "Inna, ko ɗan kaɗan?"

"Kaɗan ɗin shi ka tada aman. Ke ba ki da ido? Haka uwata ta yi man, haka niy yi ma mazanku."

Ta cire moɗa daga bakin randa, ta shiga da ita ta rataye a tankar ɗakinta. Randar kuwa, wadda ke jikin ƙofarta, ta rufe ta da faifai ta ɗora ɗan dutsen niƙa a kai. Mai son ruwa sai ya tambaye ta. Abin da ta yarda yaron ya sha shi ne jiƙon bagaruwa, rabin cokalin itace safe da yamma, don ya ɗaure cikin. Ni ba a tambaye ni ba, ba a kuma sa ran in ce komai ba. Aikina shi ne wankin tsummokaransa. Inna ta jefo su bakin ƙofa, in je in kwashe kaina a sunkuye, in wanke, in shanya kusa da murhu tun da babu rana, in mayar.

A rana ta farko yana kuka da ƙarfi, yana cewa sha, sha, kalmar da ya fi iyawa ke nan. A ta biyu muryar ta dushe. Na shiga mayar da tsumma na saci kallonsa, sai na ga idanunsa sun faɗa ciki, leɓunansa sun tsage, yana kuka amma babu hawaye. Da Inna ta ɗaga shi don ta canja masa shimfiɗa, fatar cikinsa ta tattare inda ta riƙe, ta ƙi komawa. Ni ce mai wanki, don haka na san abin da ba wanda ya lura da shi, tun jiya babu fitsari a tsummokaran nan. Inna kuwa murna take yi. Ta ce wa Yaya zawon ya fara raguwa, cikin ya kama hanyar ƙafewa.

Ruwan sama kuma bai fasa ba. Yana tsiyaya daga bakin jinka, tsakar gida ta zama tabki, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu sun takure. Duk inda na juya ruwa ne, ina taka shi, yana jiƙa mini zane, ɗana kuma yana taku goma sha biyu daga inda nake yana mutuwa da ƙishirwa. Ban san sunan ciwon ba, ban san komai game da jikin mutum ba, amma na san ƙishirwa in na gan ta.

Na yi ta neman mafita. Na ce in sungume shi in yi gulbi, sai na fake da yankan ciyawar awaki na je na duba. Gulbin na tafe da itatuwa har da saiwoyinsu, masu fito da gora sun zauna a tudu suna kallo, sun ce ko namiji ba za su ƙetarar ba balle mace da goyo. Na ce in tafi gidanmu wajen Sae Sabuwa, shi ma gulbin nan ne a tsakani, kuma ko na isa uwata da kanta za ta koro ni, ta ce na zubar mata da mutunci a kan ɗan fari. Saura in yi wa Inna magana. Na shirya abin da zan faɗa tun daga madafa, na je na tsaya a bakin ƙofarta. Ta ɗago kai ta ce, "Lahiya?" Na ce, "Tsumma niz zo ɗauka." Na tsani kaina a ranar nan, kuma har yau in na tuna siririyar muryar da na yi maganar da ita sai raina ya ɓaci.

Rana ta uku bayan azahar ruwan ya ɗan tsagaita. Bagaruwa ta ƙare, Inna ta yafa zane ta shiga maƙwabta nema, Yaya ta goya 'yarta ta fita tsinkar tafasa. Ni ina madafa na ɗora tuwo, ruwa ya tafasa, na yi talge yana ta ɓararraka. Daga ɗakin Inna ba na jin komai, kuma shirun nan ne ya tashe ni tsaye. Randa ba ta taɓuwa, dutsen na ƙara in an ja shi, ga shi Inna ta san daidai inda ruwanta ya tsaya. Tulun girkina kuwa na riga na juye shi duka a tukunya. Sai na ɗebi ruwa-ruwan saman talgen a ƙoƙo, na yi ta fifita shi har ya huce. Na jefa ɗan gishiri, ba don na san amfaninsa ba, sai don yaron mayen gishiri ne, kullum ana kama shi yana lasar na awaki. Na ɗauki tsumma mai tsabta cikin waɗanda na shanya, na tsoma, na cusa shi a tsakiyar busassun, na taka takun nan goma sha biyu.

Yana kwance a kan tabarma, ido rabi buɗe, ƙuda na bin bakinsa bai ko kore su ba. Na durƙusa na matsa tsumman a leɓensa. Ɗigon farko ya gangara ta gefe, na biyu ya shiga. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya kama bakin tsumman ya fara tsotsa kamar nono. Na jira aman, don in ya zo asirina ya tonu, maganar Inna kuma ta tabbata. Aman bai zo ba. Tsumma ba ya ɗaukar ruwa da yawa, ba ya barin yaro ya kwankwaɗa, ɗigo-ɗigo yake bayarwa. Kada a ce dabara na yi, tsoro ne kawai ya sa na zaɓi abin da zan iya ɓoyewa.

Na yi sawu huɗu kafin Inna ta dawo. Daga nan na zama sarauniyar wanki. Tsumma bai gama ɓaci ba na zo ɗauka, bai gama bushewa ba na kawo, har Inna ta ce wa Yaya ashe yarinyar nan tana da tsabta. Na koyi jiran lokacin salla. Da na ji ta yi kabbara, ta fuskanci gabas ta ba shimfiɗarsa baya, sai in shiga da ƙwaryar wanki, ƙoƙon talge na ƙarƙashin tsummokara. Raka'a huɗu ta tsohuwa mai ciwon gwiwa tana da tsawo, Allah Ya yafe mini, ban bar ko ɗaya ta tafi a banza ba. In ta gyangyaɗa da rana ma haka. Na riƙa ɗora tukunya ba lokacin tuwo ba, ina cewa kunu nake marmari. Sau ɗaya ya ɗan yi amai, na goge da bakin zanena, na dakata kaɗan, na ci gaba.

A rana ta huɗu da la'asar, Inna na sujada, ya buɗe ido sosai ya kama ɗan yatsana ya riƙe. Na sunkuya na kira sunansa a kunnensa, a hankali. Ran nan na fara faɗinsa da bakina tun da aka raɗa masa shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, har yanzu bakina bai saba ba.

Washegari da hantsi na ji Inna ta kwashe da dariya. Maigida ya tsula mata fitsari a cinya, ya kuma fasa kuka da hawaye shaɓe-shaɓe yana neman tuwo. Ta sauko da moɗa daga tanka. Kafin azahar matan unguwa sun cika gidan suna barka, ita kuma tana zaune a tsakiyarsu da shi a cinya tana ba da labari.

"Kwana huɗu cur ko ɗigo bai sha ba," in ji ta. "Shina kuka, ina kuka, amma ban ba shi ba. Ciwon ga haƙuri shika so. Ɗiyan yanzu da sun ga yaro ya buɗe baki sai su ɗura mai ruwa su kashe shi."

Mata suka yi ta jinjina kai. Ina gefe ina niƙa, ina jin komai. Da na buɗe baki, da na zama wadda ta shiga ɗakin uwar miji da sata, ta karya dokarta, ta rasa kunya a kan ɗan fari, ta kuma ƙaryata tsohuwa a gaban baƙi. Na ce wa kaina ai ya tashi, mene ne na tone-tone. Na ma ce wa kaina wa ya sani, wataƙila bagaruwar ce ta yi aiki. Amma ni na ga maƙogwaronsa yana motsi, na san abin da na sani. Na ci gaba da niƙana.

Gulbi ya janye, maza suka dawo da labarin tuta da jawabin da ba su gane rabinsa ba don da Faransanci aka yi. Suna ta cewa yanzu mun zama masu ikon kanmu. Mijina ya ji abin da ya faru, ya je ya durƙusa ya yi wa uwarsa godiya, ya ba ta goron da ya zo da shi. Ni ya tambaye ni ko an sauke tuwo.

Ba a yi mako ba ciwon ya kama 'yar Yaya. Amai da safe, zawo kafin hantsi, komai kamar na ɗana, sai dai nata ya fi gaggawa. Wannan karon maza na gida, gulbi na ƙetaruwa, jaki na nan a ɗaure. Ba wanda ya ko ambaci likita. Me za a je nema a ƙetare, ga magani a gida wanda kowa ya ga aikinsa? Yaya da hannunta ta cire moɗa ta miƙa wa Inna.

"Rataye ta, Inna," in ji ta. "Yadda anka yi ma maigidanki haka za a yi mata."

Yarinyar ba a ɗakin Inna take ba, tana ɗakin uwarta, a kan cinyar uwarta, kuma Yaya ba ta ajiye ta ko na ƙiftawar ido. Ko salla a zaune take yi da ita a jiki. Duk abin da ya shiga ɗakin nan a kan idonta yake shiga, babu ta inda jiƙaƙƙen tsumma zai bi.

Da yamma na kasa daurewa. Na ɗebi talge, na fifita, na sa gishiri, na ɗauki ƙoƙon a fili na je. Inna na zaune a bakin ƙofa tana jan tasbaha, wan mijina na gyaran ƙotar hauya a gindin rumbu, inda zai ji komai.

Na ce, "Yaya, ko a ɗan jiƙa mata baki?"

Ta dube ni da jajayen idanu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Haba ƙanwata, har da ke? Ke da kig gani da idonki? Naki ya tashi, ki bari tawa ma ta tashi. Kina tsammani ni ba ni jin kukan nata?"

Yarinyar ta ga ƙoƙon ta miƙo hannu. Yaya ta kama hannun ta mayar, ta rungume ta tana jijjigawa, hawaye na zuba mata. Magana ɗaya ce ta rage mini, kuma gajera ce: nawa ya sha, ni na ba shi. Tana nan a bakina. Na dubi Inna, na dubi bayan wan mijina, na ce, "To." Na koma madafa da ƙoƙona. Na yi wa kaina alkawari gobe da safe in mun keɓe zan faɗa mata. Na ce ai nawa ya kai kwana uku, wannan kuwa ta fi shi jiki, za ta jira ni.

Ba ta jira ba. Washegari da hantsi, sabon talge na hucewa a ƙoƙo, ina dakon Inna ta tashi daga bakin ƙofar, na ji salatin Yaya. Aka ce kwana ya ƙare. Inna ta yi kuka kamar ranta zai fita, tana cewa an yi duk abin da ya kamata. Na zubar da talgen a bayan madafa, kaji suka taru a kai.

Inna ta rasu bayan shekara shida, ba ta sani ba. Ni kuma da girma ya zo, aka zaɓe ni cikin matan da za a koya wa aikin ungozoma a likita, a nan ma na koyi karatun bokon da nake rubutun nan da shi. Wata rana lokotoro, wato dokta, ya tsaya a gabanmu da kwalba da cokali. Ya ce zawo da amai daga ƙazamin ruwa da abincin da ƙuda ya taɓa suke zuwa, hanji ne ke kumbura ya kasa riƙe komai. Ya ce yawanci abin da ke kashe yaro shi ne ƙafewar ruwan jikinsa. A tafasa ruwa, a sa gishiri da sukari daidai awo, a riƙa bayarwa cokali-cokali. In ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba, kada a hana nono, kunu mai ruwa-ruwa ma yana yi. In ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini, a garzayo da shi likita. Sauran mata suna ta mamaki suna tambaya. Ni na fita na zauna a bayan katanga har aka tashi.

Tun daga nan na zama masifaffiya a kan ruwa. Na shiga gidaje na yi faɗa da kakanni, na sauko da moɗa daga tanka ba sau ɗaya ba, har tsofaffi na ɓuya in sun hango ni. Gida ɗaya ne ban taɓa ɗaga maganar a cikinsa ba, namu. In ɗana ya zo gaishe da Yaya, ya zama magidanci da gemunsa, takan bi shi da kallo ta ce mini, "Ikon Allah. Magani guda anka yi musu." In ce haka ne, Yaya.

Sai wata damina ciwon ya kama jikanta, ɗan yaye, wanda aka kawo ɗakinta. Na haɗa ruwan gishiri da sukari a ƙoƙo, na ɗauki cokali na nufi ɗakin, na tarar ta riga ta rataye moɗa. Mun tsufa duka, ita har ta fara dogara sanda, amma ta tare ƙofa.

"Abin likitarku ku yi shi can waje," in ji ta. "Ni na ga wanda anka hana ma ruwa ya tashi. Ga shi nan da ɗiyanai."

Babu Inna, babu maza, daga ni sai ita sai yaron da idonsa ya fara faɗawa. Na faɗa mata. Talgen, da tsumman, da sallar Inna, duka na faɗa, ina tsaye da ƙoƙo a hannu. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Ran da kiz zo da ƙoƙo, kin sani ke nan?"

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Sai ta matsa daga ƙofar, ta karɓe shi daga hannuna har da cokalin, ta zauna ta ɗora yaron a cinya ta fara ba shi da kanta, tana jira tsakanin cokali da cokali kamar yadda na ce. Ba ta ce in zauna ba.

Jikan ya tashi. Mun ƙara shekara tara a gida ɗaya da Yaya, muna gaisawa safe da yamma, in na kwanta ciwo takan aiko a duba ni. Amma ranar girkina sai ta ɗora tata tukunyar, har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin tuwon da na tuƙa ba.